Me Ya Sa Famfon Sola Ba Ya Kawo Ruwa Sai Hantsi?

Duk wanda ya taɓa kwana a wani ƙauye na ƙasar Roni ko Gwiwa inda ake da rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, ya san abin da ke faruwa da safe idan tanki ya ƙare tun daren jiya. Gari zai waye, rana ta fito, haskenta ya sauka a kan farantan sola, yara su jera jarkoki da bokitai, amma bakin famfo a bushe. Wanda ya leƙa akwatin na'ura zai iya ganin fitilarta a kunne, alamar cewa injin da ke can ƙarƙashin ƙasa ya fara juyawa, duk da haka ko ɗigo bai iso sama ba. Sai hantsi ya ɗaga sa'an nan a ji ruwa ya fara zuba a tanki. Da la'asar sakaliya kuma, tun rana ba ta faɗi ba, sai ya ɗauke.

Wasu kan ce injin ne ya gaji, wasu su ce ɗan kwangila ne ya yi ha'inci. Ana samun haka, amma sau da yawa ba ko ɗaya daga ciki. Dalilin yana cikin ɗabi'ar famfon kansa da kuma na'urar da ke sarrafa gudunsa. Sanin wannan ɗabi'a ya zama dole yanzu, domin tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, kuma masu rijiyoyi da manoman rani da yawa suka koma neman hanyar jan ruwa da ba ta cin mai.

Majaujawa a cikin ruwa

Yawancin injinan jan ruwa da ake gani a wannan yanki iri ɗaya ne a ciki, ko da kuwa sun bambanta a fuska. Da injin ban-ruwa mai fetur da ake ɗorawa a bayan babur zuwa fadama, da doguwar na'urar nan da ake zurawa cikin burtsatse wadda masu aikin ke kira sumo, duk da farfela suke aiki. Farfelar tana juyawa cikin wani ƙoƙon ƙarfe ko roba. Ruwa yana shiga ta tsakiyarta, fukafukanta su kwashe shi su yi majaujawa da shi, su wurga shi gefe da ƙarfi, kamar yadda yaro mai tsaron gona ke wurga dutse daga majaujawa. Ƙoƙon kuma ya tattara wannan gudu ya mayar da shi matsi, ya tura ruwan cikin bututu. Saboda haka ya dace a kira shi famfon majaujawa. A cikin sumo ana jera farfeloli da yawa, ɗaya bisa ɗaya, kowace tana ƙara wa ta ƙasa da ita ƙarfi.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani Bafaranshe mai suna Denis Papin ya ƙera irin wannan famfo a ƙarshen ƙarni na 17, da fukafukai miƙaƙƙu. A shekarar 1851, a babban bajekolin London, wani Bature ɗan Ingila, John Appold, ya nuna famfo mai lanƙwasassun fukafukai wanda nagartarsa ta kai kashi 68 cikin 100, nesa da sauran da aka gwada a wurin.

Abin da ake nufi da nagarta a nan shi ne kason ƙarfin da aka ba famfo wanda ya zama aikin ɗaga ruwa. Sauran yana salwanta, ya zama zafi da ƙara da girgiza. Alal misali, ɗaga lita 10,000 ta ruwa zuwa tsayin mita 70 yana buƙatar kimanin yunit 1.9 na wutar lantarki, irin yunit ɗin da mita ke ƙirgawa, idan babu asara ko kaɗan. Idan nagartar famfo da injinsa gaba ɗaya rabi ce, za a ci yunit 3.8. Idan ta faɗi zuwa rubu'i, sai an ci 7.6 kafin tankin nan ya cika. Kowane famfo kuwa yana da wani adadin ruwa da wani tsayi inda nagartarsa ta fi kyau, kuma kamfani yakan zana wannan a takardar da ke zuwa da shi. Da zarar an tilasta masa aiki nesa da wannan wuri, nagartar sai ta yi ƙasa.

Na'urar da ke sauya gudu

Abin da ke juya farfelar sumo injin lantarki ne, wanda masu gyara ke kira moto. Irin da aka fi amfani da shi ya samo asali ne daga aikin Galileo Ferraris na Italiya da Nikola Tesla a Amurka a shekarun 1880. Gudunsa yana bin yadda wutar da ke shigarsa take kai-komo. Wutar Nijeriya, har da wadda kamfanin KEDCO ke rarrabawa a Kano da Katsina da Jigawa, tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa ɗaya. Ana auna wannan da ma'auni mai sunan masanin Jamus Heinrich Hertz, kuma a jikin na'ura za a ga an rubuta 50 Hz. A kan wannan wuta moton sumo yakan juya kusan sau 2,900 a minti, ko ana buƙatar ruwa da yawa ko kaɗan.

To, idan ruwan ya yi yawa fa? Tsohuwar hanya ita ce a ɗan rufe bawul a bakin bututu. Ruwa zai ragu, amma moto yana nan yana gudunsa, wutar da yake ci kaɗan ce ke raguwa, kuma ƙarfin da ya yi saura yana ƙarewa ne wajen kokawa da bawul. Kamar mai babur ne da ya murɗe totur har ƙarshe, ya kuma taka birki don kada ya yi gudu.

Na'urar sarrafa gudu, wadda a kasuwa ake rubuta wa haruffan VFD ko VSD, ta zo ne don ta maye gurbin wannan birki. Da farko tana karɓar wuta mai kai-komo ta mayar da ita miƙaƙƙiya, irin ta batir. Sa'an nan wasu ƙananan makunnai na lantarki, masu buɗewa da rufewa sau dubbai a daƙiƙa, su sake ƙera wuta mai kai-komo a kan adadin da ake so, ko 45, ko 40, ko 35, tare da rage ƙarfin wutar daidai gwargwado. Moto sai ya bi. A rijiyar sola ba a ma buƙatar matakin farko, domin farantan rana miƙaƙƙiyar wuta suke bayarwa. Akwatin da mutane ke kira inbata a gindin farantan, wannan na'ura ce. Tana duba yawan wutar da rana ta bayar a kowane lokaci, ta sa moto ya juya daidai da abin da aka samu, a hankali da safe, da ƙarfi da tsakar rana.

Ƙa'idoji uku

Injiniyoyi suna da ƙa'idoji uku da ke bayyana abin da ke faruwa idan aka sauya gudun farfela, kuma ɗalibin da ya iya sau zai iya binsu. Yawan ruwa yana bin gudu kai tsaye. Tsayin da famfo zai iya tura ruwa yana bin gudu sau gudu. Wutar da yake ci kuwa tana bin gudu sau gudu sau gudu.

A ɗauka an rage gudu zuwa kashi 80 cikin 100, watau daga 50 Hz zuwa 40 Hz. Ruwa zai koma 0.8 na yadda yake. Tsayin turi zai koma 0.8 sau 0.8, watau 0.64. Wuta kuwa 0.8 sau 0.8 sau 0.8, watau 0.512. Ke nan an rage ruwa da kashi 20, wuta ta ragu da kusan rabi. Idan aka raba gudun biyu, wutar za ta koma kashi ɗaya bisa takwas.

Wannan lissafi shi ne masu sayar da na'urar suke so a ji, kuma gaskiya ne. Sai dai akwai abin da ba a cika faɗa ba. Famfon da aka rage wa gudu zai daɗe kafin ya kawo adadin ruwan da ake so. Idan aka raba 0.512 da 0.8 za a samu 0.64, watau abin da aka tsimi a kan kowace lita kashi 36 ne cikin 100. Wannan ma riba ce babba. Amma duk lissafin ya dogara ne a kan sharaɗi ɗaya, cewa abin da famfo ke yaƙi da shi gogayyar ruwa ce da cikin bututu, kamar a dogon tiyo da aka shimfiɗa a filin da ba shi da tudu. Gogayya tana raguwa sosai idan ruwa ya rage gudu. Zurfin rijiya kuwa ba ya raguwa.

Darasi daga raƙumin dawa

Ɗalibin ilmin halittu ya san cewa zuciyar ɗan Adam famfo ce mai sauya gudu. Mutum yana zaune tana bugawa kamar sau 70 a minti, tana tura jini wajen lita 5. Idan ya shiga filin ƙwallo sai ta ƙara bugu, ta tura har ninki huɗu na wannan. Ba ta gudu ɗaya dare da rana, kuma wannan tsimi ne na ƙarfin jiki. Zuciya matsa jini take yi, ba majaujawa ba, amma akwai abin da ya haɗa ta da sumo, kuma raƙumin dawa ne ya fi nuna shi. Ƙwaƙwalwarsa tana sama da zuciyarsa da kimanin mita biyu, don haka matsin jininsa ya kusa ninka na mutum sau biyu. Ko yana gudu ko yana tsaye yana tuƙa, tsawon wuyan nan yana nan, kuma akwai matsin da idan zuciyar ta gaza kai shi, jini ba zai isa kai ba.

Haka rijiyar burtsatse take. A ɗauki misalin rijiyar da ruwanta yake mita 60 ƙasa yayin da ake ja, tanki kuma yana kan ƙarfe mita 10 sama. Tsayin hawa ya zama mita 70. A ce an zura sumo wanda iyakar turinsa a 50 Hz mita 100 ne. Yana da rarar mita 30 ke nan, kuma wannan rara ita ce ke sa ruwa ya gudana. A 45 Hz iyakar turin ta koma 0.9 sau 0.9 sau 100, watau mita 81. Rarar ta faɗi daga 30 zuwa 11. A 42 Hz turin bai wuce mita 70 da ɗan kai ba, ruwa yana iso bakin tanki da ƙyar. A 40 Hz turin mita 64 ne, ruwan zai hau bututu ya tsaya a hanya, mita shida ƙasa da tanki. Farfela tana juyawa, moto yana cin wuta, nagarta kuwa sifili, domin babu lita ɗaya da ta fito.

Wannan shi ne amsar tambayar yaran da ke jiran ruwa da safe. Rana ta fito, amma wutar da take bayarwa ba ta kai ta juya moto har 42 Hz ba. Sai ta hau sama ta kai wannan matsayi sa'an nan ruwa ya zubo.

Ko a 45 Hz ma akwai abin lura. A ƙiyasi, rage gudu da kashi 10 a wannan rijiya yana rage ruwa da wajen kashi 40, alhali wuta ba ta ragu da fiye da kashi ɗaya bisa uku ba. Kowace lita ta ƙara tsada ke nan. Ga mai sola wannan ba asara ba ce, tunda hasken safiya kyauta ne, kuma gara ruwa kaɗan da babu. Amma mai janareta ko mai biyan kuɗin mita da ya sayi na'urar don ya rage kashe kuɗi a rijiya mai zurfi, zai iya tarar da cewa ya ƙara. Ita kanta na'urar tana cin nata kason, wajen kashi 3 cikin 100 na wutar da ke ratsa ta.

Ƙasar dutse da ƙasar yashi

Ƙananan hukumomin da ke wannan kusurwa ta Jihar Jigawa maƙwabtan juna ne, amma abin da ke ƙarƙashinsu ba ɗaya ba ne. Kazaure da Roni da Gwiwa, waɗanda tare da 'Yankwashi suke cikin masarautar Kazaure, suna zaune ne a kan tsoffin duwatsu masu tauri, kuma tsaunukan da ake gani a Kazaure da Roni shaida ne. A irin wannan ƙasa ruwa ba ya kwance kamar tafki a ƙarƙashi. Yana maƙale ne a cikin ruɓaɓɓen dutsen sama da kuma tsage-tsagen da ke ƙasa da shi. Rijiya ɗaya ta dace da tsaga mai ruwa, ta kusa da ita ta faɗa kan busasshen dutse. Idan aka nufi gabas zuwa Babura, ta masarautar Ringim, mai iyaka da Jamhuriyar Nijar, ƙasar tana komawa yashi, ana shiga bakin kwarin Chadi, inda ruwa ke zama tsakanin ƙwayoyin rairayi.

A ƙasar dutse amfanin na'urar sarrafa gudu ya fi ƙarfi ta wata fuskar dabam. Rijiyar da tsagarta ke tsiyayo ruwa a hankali, idan aka sa mata sumo mai ja da cikakken gudu, cikin ɗan lokaci zai zuƙe abin da ya taru ya fara shan iska. Ruwan da ke wucewa ta jikin moto shi ne ke sanyaya shi, don haka idan ya yanke sai moto ya yi zafi ya ƙone. Da na'urar ana iya daidaita ja da abin da rijiyar ke iya bayarwa, kuma da yawansu suna gane cewa ruwa ya ƙare su tsayar da moto da kansu. Abin da aka tsira da shi a nan ran sumo ne da kuɗin ciro shi. Inda zurfi ya yi yawa ruwa kuma kaɗan ne, wani lokaci famfon majaujawa bai ma dace ba. Kamfanoni irin su Grundfos na Denmark da Lorentz na Jamus suna ƙera wani iri mai murɗaɗɗen ƙarfe da ke juyawa cikin roba yana matso ruwa sama. Shi wannan, kamar zuciya, turinsa bai dogara sosai ga gudu ba, saboda haka yakan fara kawo ruwa tun da sassafe.

A fadama kuwa, ko a bakin madatsar ruwa ta Kazaure, ko a filayen noman rani na Gari, lissafin ya juya. Tun shekarun 1980, lokacin da yankin yake cikin Jihar Kano kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991, hukumar KNARDA ta yaɗa ƙananan rijiyoyin fadama da injinan fetur, kuma shirin Fadama na ƙasa ya ci gaba da haka a shekarun 1990. Injin da ke zaune a bakin rijiya ba ya iya zuƙo ruwa daga zurfin da ya wuce mita 7 zuwa 8, don haka tsayin hawa a nan kaɗan ne. Idan iyakar turin injin mita 30 ce, hawan kuma mita 8, sai an rage gudu zuwa kusan rabi kafin ruwa ya yanke. Akwai fili mai faɗi na rage gudu ke nan, kuma a nan ne ƙa'idar gudu sau uku ta fi kusa da gaskiya. Manomin tumatir ko albasa da ke sassauta totur ɗin injinsa don mai ya kai shi yamma ya daɗe yana aiki da wannan ƙa'ida, ko da bai taɓa ganinta a allo ba.

Zafi, ƙura da bazara

Na'urar tana da wasu fa'idoji. Moton da aka kunna kai tsaye yakan fizgi wuta ninki biyar zuwa bakwai na abin da yake ci a kullum, shi ya sa janareta ke shaƙewa idan aka tayar da sumo. Na'urar tana tayar da shi a hankali, ta kuma tsayar da shi a hankali, bututu ya huta da bugun ruwa. Amma tana da rauni. Yawancinsu an ƙera su ne don iskar da ba ta wuce digiri 40 ba, kuma a watannin Afrilu da Mayu zafin wannan yanki yakan haura haka ko a inuwa, balle a cikin ɗakin kwano marar taga. Ƙurar hunturu tana toshe mata hanyar iska, tana kuma rufe farantan rana. Kamfanonin sumo da dama suna gargaɗin kada a riƙe moto ƙasa da 30 Hz, domin abin da ke ɗauke da nauyin farfeloli a gindinsa yana buƙatar gudu kafin ruwa ya shiga tsakaninsa ya hana shi ci.

Bazara tana ƙara wani nauyi. Ruwan ƙasa yana sauka, tsayin hawa yana ƙaruwa. A misalin da ya gabata, idan ruwan ya sauka da mita 10, hawan ya zama mita 80, kuma sai moto ya kai kusan 45 Hz kafin ɗigon farko. Rijiyar da ta wadatar da gari a watan Oktoba za ta riƙa makara da safe tana tashi da wuri a watan Afrilu, daidai lokacin da mutane da dabbobi suka fi ƙishi. Idan tanki bai cika ba, jama'a sukan koma kududdufi da rijiyoyin da ba su da murfi, inda ake ɗaukar tsargiya da amai da gudawa. Nijeriya ta yi fama da masu kurkunu fiye da 650,000 a 1988, kuma sai a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an rabu da cutar. Tsabtataccen ruwan burtsatse yana cikin abubuwan da suka kawo wannan nasara. Don haka kafin a sayi sumo da na'urarsa, ya kamata a auna zurfin ruwa yayin da ake ja, a kuma auna shi a ƙarshen rani, a zaɓi famfon da ke da isasshiyar rara a kan wannan zurfi.

Wannan awo bai fi ƙarfin 'yan sakandare ba, balle ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, ko na Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021. Malamin da makarantarsa ke da rijiyar sola yana iya neman izinin mai kula da ita, ya sa ɗalibai su tari ruwan da ke shiga tanki da jarka mai lita 25, su duba daƙiƙa nawa take ɗauka kafin ta cika, su kuma rubuta adadin Hz da allon na'urar ke nunawa a wannan lokaci. A yi haka kowace awa daga ƙarfe bakwai na safe zuwa biyar na yamma, a zana sakamakon a takardar zane, Hz a kwance, lita a minti a tsaye. Layin zai sauko ya taɓa sifili a wani adadin Hz, wanda shi ne mafi ƙarancin gudun da wannan rijiya ke buƙata. Sai a adana takardar, a sake awon a watan Afrilu, a ga Hz nawa adadin ya ƙaru.